Kamfanin da ya yi mana sola da rijiyar burtsatse: abin da na gani bayan damina biyu

Tun da aka ɗora tankin ruwa a makarantar Islamiyyar garinmu, mutanen ƙauyukan da ke kewaye da mu a ƙasar Haɗejiya suke aiko min da tambaya iri ɗaya: wane kamfani ne ya yi muku aikin nan, kuma kana ba mu shawara mu kira su? Ni ne sakataren kwamitin, duk takardun aikin ta hannuna suka bi, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. A wajen wayarin da sola da kula da kaya bayan an gama aiki, ku kira su ba tare da fargaba ba. A wajen haƙa rijiya da aikin famfo kuwa, ku kira su amma ku tsaya a kansu. Ba zan kama sunansu ba, domin akwai inda zan yabe su akwai inda zan soke su. Ƙaramin kamfani ne, ofishinsu yana Kano, mai shi injiniyan lantarki ne matashi, yana da yara ƙalilan da mota ɗaya mai buɗaɗɗen baya.

Abin da muka ba su shi ne ajujuwa shida, ofishin shugaban makaranta, masallacin da ke jikinta, ɗakin shan magani da gari ya gina a gefe, ban-ɗakuna, da rijiyar burtsatse da za ta shayar da makarantar da unguwar baki ɗaya. Kuɗin na 'yan asalin gari ne mazauna Kano da Abuja da Legas, da abin da manoman shinkafa suka tara bayan girbi. A da janareto muke amfani da shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sai ranar Juma'a kaɗai ake iya tayar da shi saboda lasifika, karatun dare na matan aure kuma ya koma na fitilar waya.

Sai da muka fara neman wanda zai yi aikin na gane cewa kalmar kamfani a harkar gini hula ce da kowa ke sawa. Duk wanda ya zo, takardarsa cewa take yana yin komai: gini, wuta, ruwa, sola, na'urar sanyaya ɗaki, har da shara. Amma in ka zauna da mutum ka yi masa tambaya uku, sai ka gane layinsa.

Wanda ya fara zuwa mai jaka ne. Yana da rajista da hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, da takarda mai tambari, da bakin magana, amma ko sukundireba ba shi da ita. Aikinsa ya karɓi kwangila ya sayar wa wani, shi ya cire nasa. Kamar dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari, ba shi da ko maraƙi amma ba a sallama sai da shi, sai dai shi dillalin shanu in saniya ta fito da ciwo an san gindin bishiyar da yake zama. Na tambaye shi wace irin waya zai ja wa soket, ya ce sai ya tambayi yaransa. Rajistar CAC, ko ta sunan kasuwanci ce ko ta cikakken kamfani, shaida ce kawai cewa sunan yana nan a littafin gwamnati. Ba ta ce mutum ya iya aiki ba.

Sai ɗan kasuwa, mai shagon kayan sola a Sabon Garin Kano. Shi mutumin kirki ne, kuma farashinsa ya fi na kowa sauƙi, amma sana'arsa sayar da kaya ce. Zai ba ka faifan sola da batir da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda ake amfani da ita a gida, ya haɗa ka da wani yaro da zai ɗaura, in matsala ta taso shi ya ce laifin mai ɗaurawa ne, mai ɗaurawa ya ce kayan ne. Sai ɗan kwangilar gini, wanda shi ne ma ya gina mana ajujuwan tun farko, aiki mai kyau. Shi siminti da rodi da bulo da kwano ya sani. Wuta da ruwa a wajensa ƙarshen aiki ne da ake bai wa duk wanda ya fi araha. A manyan ayyukan birni akwai kuma kamfanonin da ba sa taɓa ko ƙusa, zane da lissafi da sa ido kawai suke sayarwa, su ne ke tsayawa tsakanin mai gini da ɗan kwangila. Mu ba mu da ƙarfin ɗaukar irinsu, sai muka roƙi wani ɗan garin, injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke tantance injiniyoyi, da ke aiki a Dutse, ya riƙa duba mana takardu saboda Allah.

Wannan ɗan garin ne ya sa hannu a kan kamfanin da muka ɗauka, kuma dalilinsa ɗaya ne. Su kaɗai ne suka ƙi faɗar farashi ta waya. Injiniyan mai kamfanin ya zo da kansa, ya kwana a garin, ya bi ɗaki ɗaki da littafi yana ƙirga abin da za a kunna, da awa nawa za a kunna shi, rana ko dare. A masallaci ya zauna gaban Liman ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a watan azumi har ƙarfe nawa ake tahajjudi, kuma fanka nawa ake kunnawa?" Liman ya ce, "Injiniya, duka ake kunnawa, kuma har sahur." Ya rubuta. Ya juyo wajena ya ce, "Malam Sakatare, ashe da goman ƙarshe za mu yi lissafi, ba da sauran shekara ba." Wannan maganar ce ta sa na saki jiki da shi.

Daga lissafin nan ya kawo shawarar da ta fara ɓata wa kwamiti rai, wato mu cire tsofaffin fankokinmu da ke cin wat 70 zuwa 80 kowace, mu sayi masu cin ƙasa da rabin haka, mu kuma sauya duk ƙwayayen fitila zuwa LED. Ma'aji ya ce fankokin lafiyarsu lau, me zai sa a zubar. Injiniya ya lissafa masa a bayan ambulan cewa kuɗin sababbin fankoki bai kai kuɗin ƙarin batir da tsofaffin za su buƙata ba. Aka sayar da tsofaffin a kasuwa. Haka kuma ya ce dutsen guga da butar dafa ruwa ta lantarki ba su da wuri a tsarin, domin ɗaya daga cikinsu yana cin abin da ajujuwa da yawa ke ci a tare. Malaman makaranta sun ji haushin maganar guga, har yau suna ji.

Abin da aka ɗaura a ƙarshe: faifai takwas masu wat 550 kowane a kan kwanon ajujuwa, inbata mai ƙarfin kVA 5, da batirin litiyam. Sun fuskantar da faifan kudu, suka ɗan kwantar da su, saboda mu nan muna arewa da tsakiyar duniya da wajen digiri 12, kuma gangaren yana taimaka wa ruwan sama wanke ƙura. Sun bar rata tsakanin faifan da kwano don iska ta ratsa, domin faifai in ya yi zafi sosai wutarsa raguwa take yi. Mutane suna zaton ranar bazara ce ta fi ba da wuta. A littafin da muke rubutawa, safiyar sanyi in ba hazo ba ta da na biyu.

Maganar batir sai da aka kai ruwa rana. Batirin ruwa, dogon nan, ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma kowane mai gyara ya san shi. Amma ba a so a zuƙe shi fiye da rabi, sai an riƙa ƙara masa tataccen ruwa, kuma zafi irin na Afrilu da Mayu a ƙasar nan yana rage masa kwana. Litiyam yana da tsada amma ana cinsa ya yi ƙasa sosai bai damu ba, ba a zuba masa komai. Injiniya bai matsa mana ba, ya ce ko wanne muka zaɓa zai ɗaura, amma in na ruwa ne sai mu nuna masa wanda zai riƙa duba ruwan duk wata har a lokacin shuka. Muka dubi juna. Aka sayi litiyam. Ya ƙi yarda a ajiye shi a sito mai kwano ba silin kamar yadda muka shirya, ya zaɓi ƙaramin ɗakin da ke bayan ofis, mai fuskantar arewa, ya sa aka fasa masa tagogi biyu masu raga.

Inda suka fi burge ni shi ne wayarin, aikin da ba wanda zai gani bayan an shafe bango. Tsohon wayarin da ke ajujuwan wani mai gyara ne ya yi shi shekarun baya. Babban yaron injiniya ya ciro waya ɗaya daga soket, ya fere ta, ya kankare ta da wuƙa a gaban 'yan kwamiti. Jan da ke samanta ya tafi, fari ya fito. Ya ce, "Baba, kun gani? Alminiyam ce aka shafa mata tagulla." Ya ɗauko tasu ya kankare, ja har ciki. Ya miƙo min duka biyun in riƙe, tasu ta fi nauyi, kuma in ka lanƙwasa tsohuwar sau kaɗan sai ta karye. Irin wannan waya ita ke zafi a cikin silin ba wanda ya sani, sai wata rana a ce gobara daga sama. Suka zare duka, suka ja sabuwa ta cikin bututun roba, milimita 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket. Wayar ta gida ce, domin akwai masana'antun Najeriya da ke yin mai kyau irin su Coleman da Cutix da Nigerchin, sai dai ana buga jabu da sunansu, shi ya sa suka sayo daga dilan kamfani suka kawo mana rasit. Kowane sashe da makatsarsa a akwati, an rubuta sunansa: masallaci, ajujuwa, ɗakin magani. Suka binne sandar tagulla a ƙasa mai damshi kusa da wajen alwala suka haɗa mata wayar ƙasa, suka kafa ƙarfen tsawa a saman hasumiyar tanki. Wanda ya jagoranci wayarin yana da takardar shaidar hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa duba ayyukan lantarki da tantance masu yinsu. Ban tambaya ba, shi ya ciro ta daga jaka ya ce in kwafa in sa a fayil.

Sun kuma bar wurin da za a haɗa wutar gwamnati in layi ya ƙaraso unguwar. Mu yankin KEDCO ne, mai rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun 2013. Mutane da yawa ba su san cewa kamfanin rarraba wuta iyakarsa mita ce ba. Daga mita zuwa cikin gini naka ne da wanda ka ɗauka.

To, rijiya. A takardarsu ta farko an rubuta haƙa rijiyar burtsatse a cikin ayyukansu, sai ranar da injin ya iso muka ga wasu mutane ne daban, da wani suna a jikin motar. Ba laifi ba ne kamfani ya ba da wani sashe ga wanda ya fi shi iyawa, haka manyan ma suke yi, injin haƙa ba abin da kowa zai mallaka ba ne. Laifin shi ne ba su faɗa ba tun farko, kuma ba su san aikin sanin da za su tsawata wa masu haƙan ba.

Ƙasar Jigawa iri biyu ce a wajen haƙa. Ta wajen Dutse da Birnin Kudu da Gwaram da Kazaure dutse ne a ƙarƙashi, kamar yawancin Kano, ana fasa shi da guduma mai aiki da iska, kuma ruwan yana cikin tsagar dutse, shi ya sa sai an yi awo sosai kafin a san inda za a sa injin, wani lokacin ma a haƙa a tashi a banza. Mu nan ta Haɗejiya da Malam Madori da Gumel yashi ne da yumɓu shimfiɗe har tafkin Chadi. Samun ruwa ba wuya. Ana haƙawa ne da ruwan laka da ke riƙe bangon ramin kada ya rufta. Wahalarmu ita ce yashi. Dole a sa bututu mai ƙananan tsaga daidai inda ruwan yake, a zagaye shi da tsakuwa mai girma ɗaya wadda aka tankaɗe aka wanke, sannan a yi ta hura ramin da iska har ruwa ya fito garau, a toshe saman da siminti don ruwan kwata kada ya gangara ciki.

Masu haƙanmu sun kai kusan mita 60, suka sami ruwa mai yawa, amma gaggawa suke, wani aiki na jiransu. Tsakuwar da suka zuba rabinta ƙasa ce, hurawar kuma ba ta kai ba. Da aka fara shan ruwa, in ka tara a bokiti ka bar shi, sai ka ga yashi a gindi kamar cokali biyu. Mata ne suka fara ƙorafi. Yashi kuwa shi ke cinye famfon da ke cikin rami. Na kira injiniya, da farko ya ce ruwan zai washe da kansa. Bai washe ba. Dagaci ya kira shi da bakinsa, shi kuma ya ce, "Ranka ya daɗe, mu muka kawo su, mu za mu ɗauki nauyi." Ya dawo da masu haƙan da kwampireso, suka ciro famfo, suka sake hura ramin yini guda, suka ƙara tsakuwa mai kyau, suka ɗan ɗaga famfon sama da inda tsagar take. Ruwa ya washe. Ba su karɓi ko kwabo ba. Amma kar in ɓoye, abin da ya taimaka shi ne kashi goma cikin ɗari na kuɗin aikin yana hannunmu, mun rubuta a yarjejeniya cewa sai bayan wata shida za a biya. Duk kwamitin da zai ba da aiki ya sa wannan sharaɗin, kuma ya tambaya a rubuce wane sashe kamfani zai yi da hannunsa, wane sashe zai bayar.

Shi kansa famfon rijiyar ba ni da abin cewa a kansa. Ba su haɗa shi da batir ba, faifansa daban, rana ta fito ya fara turo ruwa, rana ta faɗi ya tsaya. Injiniya ya ce a wajen ruwa tanki shi ne ma'ajiya, ba batir ba. Tankuna biyu ne masu lita 5,000 kowane, akwai abin da ke kashe famfo in sun cika, da wani da ke kashe shi in ruwan rami ya ja baya don kada ya yi aiki a bushe. Ya nuna mana samfurin Grundfos na Denmak da Lorentz na Jamus, ya ce su ne na gaba amma kuɗinmu bai kai ba, muka ɗauki na Sin mai matsakaicin daraja wanda ake samun kayan gyaransa a Kano. Ya faɗa mana gaskiya cewa ba zai kai waɗancan daɗewa ba.

Aikin famfo na cikin gida shi ne mafi rauni. Bututun da ya tafi wajen alwala ba su binne shi da zurfi ba, amalanke ta bi ta kai ta fasa. Kawunan famfon da suka sa na roba ne masu kyan gani, yaran makaranta suka gama da su kafin zangon karatu ya ƙare. Mai gyaran famfo na garinmu ne ya sauya su da na ƙarfe daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma nasa aikin ya fi nasu. Hasumiyar tankin wani mai walda suka ba, ta tsaya daram, iskar farkon damina ta gwada ta sau biyu. Sai dai tsaninta ba shi da kariya, kuma yara suna hawa, har muka sa aka yanke matakan ƙasa.

Abin da ya sa duk da haka nake cewa a kira su shi ne abin da ya biyo baya. A birni akwai kamfanonin da ba sa gina komai, aikinsu riƙon gini ne bayan an gama. Bankuna da manyan asibitoci da otal suna ba su kwangila ta shekara, su duba janareto da famfo da na'urar sanyi da shara da tsaro, kafin abu ya lalace. A ƙauye ba mu da wannan. Ka bi hanyar Haɗejiya zuwa Gumel ka ƙirga tankunan da ke tsaye ba ruwa, da fitilun titi na sola da suka mutu. Yawancinsu ba babban abu ne ya kashe su ba, waya ce ɓera ya ci, ko fis ya ƙone, wanda ya ɗaura ya karɓi kuɗinsa ya tafi, lambarsa ba ta shiga. Wannan kamfanin su suka kawo mana maganar yarjejeniyar kulawa, ba mu muka nema ba. Muna biyan wani abu a shekara, su zo duk bayan wata uku, kuma in abu ya lalace aikin hannu kyauta ne, kayan gyara namu.

Na tsaya na kalli zuwansu na lokacin hunturu. Yaron ya hau kwano da sassafe kafin faifai su yi zafi, da ruwa da tsumma mai laushi, ba omo ba tsintsiya. Kafin ya fara ya kira ni in karanta lambar da inbata ke nunawa, bayan ya gama da rana ta ɗaga ya ce in sake karantawa in gwada da ta jiya a daidai lokacin. Bambancin ya ba ni mamaki, ƙura kaɗai ke cinye mana wannan. Ya bi duk mahaɗar waya yana ƙara ɗaurewa, ya buɗe akwatin makatsa ya kakkaɓe gidan zanzaro, ya goge ragar iskar inbata, ya auna sandar da aka binne, ya leƙa cikin tanki. Mafi amfani, sun ɗauki wani matashi ɗan garin da ya gama sakandare suka koya masa wankin faifai da karanta lambobin kuskure da abin da bai kamata ya taɓa ba. Yanzu in wuta ta ɗauke shi ke ɗaukar hoton fuskar inbata ya tura ta WhatsApp, sau da yawa ta waya ake gyarawa. Akwai littafi a ɗakin batir, duk wanda ya taɓa wani abu sai ya rubuta ya sa hannu. Kuɗin yarjejeniyar daga kuɗin ruwa yake fitowa, 'yan garuwa suna biyan ɗan abu kan kowace jarka, gidaje kuma kyauta.

Suna da halin da ba na so. In damina ta kankama zuwansu yana wuya, kuma ba sa faɗar gaskiyar ranar. "Gobe in sha Allah" ɗinsu tana iya kai mako. Lokacin da tsawa ta ƙona abin kariyar da ke gaban inbata, wanda dama aikinsa kenan ya ƙone a madadinta, masallaci ya yi kwanaki da ladani yana kiran salla da baki. Kano da nisa, mota ɗaya gare su, na gane, amma da sun bar mana irin wannan ƙaramin abu a ajiye da yaronmu ya sauya. Takardunsu duka da Turanci, har da takardar gargaɗin da suka manna a ƙofar ɗakin batir, a garin da yawancin masu shiga wurin ajami da Hausar boko suke karantawa. Ni na fassara na manna tawa a ƙasa. Farashinsu kuma ya fi na mai shago da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma takardar farashinsu mako biyu kawai take aiki, saboda kayan da dala ake shigo da su. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 ban ga laifinsu a nan ba, amma kwamitin da ke tara kuɗi a hankali zai sha wahala da wannan.

Akwai abubuwan da suka ce ba nasu ba ne, kuma na ji daɗin hakan fiye da a ce sun karɓa sun ɓata. Firjin allurar rigakafi da ke ɗakin shan magani hukumar lafiya ce ta kawo shi da faifansa, irin wanda ba ya amfani da batir, yana daskarar da ruwa a jikinsa da rana ya riƙe sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ma'aikaciyar lafiya ta roƙi injiniya ya duba mata shi, ya ce, "Hajiya, wannan masu shi ne za su taɓa, in na buɗe garantinsa ya tashi." Ya dai wanke mata faifan. Na'urar sanyaya ɗaki da shugaban makaranta yake so a ofis, ya ce aikin masu iskar gas ne, kuma batirinmu ba zai ɗauka da dare ba. Tukwanen kashe gobara ya rubuta mana irin da za mu saya, mai hoda a ajujuwa, mai iskar kabon a ɗakin batir don ba ta ɓata kayan wuta, ya ce mu nemi masu sayarwa da ke dawowa su duba su sake cikawa. Yashe ramin ban-ɗaki kuma masu tankar bahaya ne daga Haɗejiya.

Wanda ke son fitila huɗu da fanka biyu a gidansa ba ya buƙatar irin wannan kamfani, mai shago da yaro mai hankali sun ishe shi, in dai ya tsaya an kankare masa waya a gabansa. Mai injin casar shinkafa ko niƙa shi ma ba nan zai zo ba, nasa aikin na wuta mai layi uku ne, su kuma ban ga sun yi irinsa ba. Amma makaranta da masallaci da ɗakin magani da rijiyar gari, kayan da na kowa ne don haka ba na kowa ba, su ne daidai da su. In rijiya ce kaɗai, ku nemi masu haƙa kai tsaye, ku je garin da suka yi aiki bara ku tara ruwa a bokiti ku bar shi ya kwanta.

Yarjejeniyarmu ta kulawa za ta ƙare bayan Babbar Salla. Kwamiti ya amince a sabunta, da sharaɗi uku da na riga na tura musu: su ajiye mana fis da abin kariyar tsawa da makatsa biyu a akwati mai kwaɗo a nan garin, su rubuta kwanakin da ba za su wuce ba in an kira su, su kuma mayar da takardar yarjejeniyar Hausa. Injiniya ya yarda da na farko da na uku. Na biyun ya ce sai ya zo mun zauna.